Daga Tiga zuwa Nguru: Tarihin Tare Ruwa a Ƙasar Kano

Kafin zuwan famfo, mutanen birnin Kano sun dogara ne ga rijiyoyin gida da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe gidan ruwa na Challawa da kuɗin baitulmalin En'e. Tun daga lokacin nan shan birnin ya rataya ga kogi, kogin ƙasar Kano kuwa mai cika ne da damina, ya ƙafe da rani.

Wannan matsala ce gwamnatin Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, ta tasam ma da gina madatsu. Mafi girmansu ita ce Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahil. Da ruwanta aka kafa noman rani na Kadawa da Kura, aka kuma ƙara wa birni abin sha. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sa'an nan a 1992 aka kammala wata babbar madatsa a kan Kogin Challawa, kusa da Ƙaraye.

To, amma kogunan nan biyu ba a Kano suke ƙarewa ba. Su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda kowace damina yakan malale fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. A kan wannan ambaliya manomin shinkafa da masunci da makiyayi suka tsara shekararsu, ita ce kuma ke shayar da rijiyoyin yankin ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka tare ruwa a sama, ga kuma ƙarancin ruwan sama, sai fadamun suka tsuke. Bugu da ƙari, sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, har wasu garuruwa suka riƙa fama da ambaliya alhali na gabansu na kukan ƙishi.

Sai a 2006 jihohin da kogunan suka ratsa suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da su, wato fiye da shekara talatin bayan Tiga.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa madatsa tana adana ruwa, amma ba ta ƙara yawansa. Abin da aka riƙe wa mai noman tumatir a Kadawa, daga rabon masuncin Nguru aka ɗebo shi. Saboda haka duk tsarin da ya lissafta amfanin na sama, ya bar hasarar na ƙasa, lissafinsa bai cika ba.