Tarihin Masu Yin Kyandir da Sabulu da Hannu

 

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu yi magana bisa abu biyu ƙanana da kowa ya sani: sabulu, da kyandir, wanda waɗansunmu ke ce ma buji. Za ku ji yadda sana'ar yin su da hannu ta kusa mutuwa a ƙasashen Turawa, da yadda ta farfaɗo cikin kasuwannin baje koli. Za ku ji kuma labarin mutum biyu da sunka fara ciniki bisa tebur ɗaya, amma ba su ƙare da rabo ɗaya ba.

Sana'a ɗaya, kaya biyu

A zamanin da, ba lantarki, ba kananzir. A Turai, in dare ya yi, kyandir ake kunnawa. Talaka yana kunna na kitsen shanu ko na tumaki. Wannan yana da hayaƙi, yana da ƙarni. Na kakin zuma ya fi haske da ƙamshi, amma yana da tsada. Sai gidan sarki da coci da attajirai ke iya sayen shi.

Masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu, kamar yadda maƙera da mahauta ke da sarkinsu a garuruwanmu. A birnin Landan, sarki ya ba masu kyandirin kitse takardar izini a 1462. Masu na kakin zuma sun samu tasu a 1484.

Sau da yawa mai kyandir shi ne mai sabulu. Dalili kuwa, kitse ne tushen su duka biyu. In ka narkar da kitse, ka yi ta tsoma lagwani ciki, ka samu kyandir. In ka dafa kitse da ruwan toka, ka samu sabulu. Kun san Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke bisa takardar dala 100 ta Amurka? Ubansa mai kyandir da sabulu ne a garin Boston. Yana da shekara 10, a 1716, anka sa shi yankan lagwani da tsaron shago. Aikin bai yi masa daɗi ba, sai ya koma koyon buga littattafai.

A Faransi kuwa, garin Marsai ya yi suna da sabulu. A 1688 gwamnatin sarki ta kafa doka: kada a sa kitsen dabba cikin sabulun Marsai, sai man zaitun kawai. Wanda ya yi algus, a hukunta shi. Kun gani, tun wancan lokaci an gane cewa amana ita ce jarin mai sabulu.

Inji ya shigo

Daga nan sai masu ilimi sunka shiga cikin al'amarin. A 1791 wani Bafaranshe, Leblanc, ya gano hanyar fitar da soda daga gishiri. Masu sabulu sunka huta da neman toka. A 1823 wani kuma, Chevreul, ya bayyana abin da ke cikin kitse. Da wannan sani anka yi kyandir mai ƙarfi, marar ƙarni. A 1834, a garin Mancesta na Ingila, Joseph Morgan ya ƙera inji mai fitar da kyandir 1.500 cikin awa ɗaya. Wane mai hannu ne zai iya ja da wannan?

Manyan kamfanoni sunka tashi. A 1837, a garin Sinsinati na Amurka, mai kyandir William Procter da mai sabulu James Gamble sunka haɗa jari. Matansu ya da ƙanwa ne. Kamfaninsu, Procter & Gamble, ya zama ɗaya daga cikin manya a duniya. A Ingila, wajen 1885, William Lever ya yi wata dabara. Da, mai kanti ne ke yanka maka sabulu daga dogon sanda. Shi kuwa ya yanka nasa gunduwa-gunduwa, ya naɗe cikin takarda, ya sa masa suna Sunlight. Mutane sunka fara sayen suna.

Afirka ma da hannunta a ciki. Manja da gujiya da jiragen ruwa ke kwasa daga Afirka ta Yamma, da yawa cikin tukwanen masana'antun Turai sunka ƙare.

Kyandir kuwa, fitilar kananzir ta fara rage masa kasuwa. A 1879 Edison ya kunna ƙwan lantarkinsa. Sannu a hankali ƙananan masu sana'a sunka rufe shago. Kowa ya ɗauka zance ya ƙare.

Komowa kasuwa

Ashe bai ƙare ba. A Amurka, masu sana'ar hannu sun soma taruwa suna baje kolinsu. A jihar Niyu Hamsha an fara irin wannan kasuwa tun 1933. Ga yadda take: ana sa rana, yawanci Asabar da Lahadi, ko gab da sallar Kirsimeti. Ana samun fili, ko zauren makaranta, ko na coci. Kowa ya biya kuɗin wuri, ya shimfiɗa tebur, ya jera abin da ya yi da hannunsa.

Cikin shekarun 1960 da 1970 kasuwannin nan sunka yawaita. Samari da ƴan mata da yawa sun gaji da birni da kayan inji. Sun koma ƙauye, suna neman abin yi da hannu. Masu saye su ma sun canja. Mai lantarki a gida ba haske yake nema ga kyandir ba, ƙamshi yake nema, da abin ba da kyauta. Mai sayen sabulun hannu yana son ya shinshina, ya tambayi abin da anka sa ciki, ya ga idon wanda ya yi. Wannan kuwa inji bai iya ba shi.

A 1969 wani yaro mai shekara 16, Michael Kittredge, ba shi da kuɗin sayen kyauta ga uwarsa. Sai ya narkar da alƙaluman kaki masu launi na yara, ya yi mata kyandir. Wata maƙwabciya ta gani, ta saye. Daga nan kamfanin Yankee Candle ya samo asali.

Mai zuma da mai ciniki

To, ga labarin da na yi muku alkawari. Ku kasa kunne.

A jihar Men, can arewa maso gabashin Amurka, akwai wani mai kiwon zuma, Burt Shavitz. Da mai ɗaukar hoto ne a Niyu Yok, ya bar birni ya koma daji. Yana sayar da zuma a bakin hanya. Kakin kuwa yana ta tarawa, bai yi komi da shi ba. Akwai kuma wata mata, Roxanne Quimby, mai tagwaye. Ta daɗe cikin ɗakin katako, ba lantarki, ba famfo. A 1984, wata rana tana neman mota a bakin hanya, sai ya rage mata hanya.

Da ta ga kakin nan, ta ce a yi kyandir da shi. Sunka kai kasuwar baje koli a wata makaranta, sunka sayar da na dala 200. Dalar Amurka nike nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Daga nan sunka yi ta bin kasuwanni. Kafin shekara ta zagayo, cinikinsu ya kai dala 20.000.

Zaman bakin tebur makaranta ce. Nan mai sana'a ke ganin abin da hannun mutane ke kaiwa gare shi, da abin da suke wucewa. Matar nan ta lura kayan gyaran jiki sun fi kyandir tafiya. Da taimakon wani tsohon littafin masu kiwon zuma, sunka ƙara sabulu da turare. A 1991 sunka fito da man leɓe na kakin zuma, shi ne ya fi komi karɓuwa. Sunan kamfanin Burt's Bees, wato zuman Burt. Hoton fuskarsa da gemunsa ne bisa kayan. A 1994 anka mai da aikin jihar Karolina ta Arewa, anka bar yin kyandir.

A 1999 Burt ya bar mata rabonsa, ya karɓi gida na wajen dala 130.000. Bayan ƴan shekaru ita ma ta sayar da mafi yawan nata da miliyoyi. A 2007 kamfanin Clorox ya saye Burt's Bees dala miliyan 925. Burt ya ci gaba da zama cikin ɗan ɗakinsa na katako har ya rasu a 2015.

Ku duba da kyau. Zuman nasa ne, kakin nasa ne, sunan ma nasa ne. Amma ciniki da lissafi suna hannun abokiyar aikinsa. Iya yin kaya daban, sanin darajarsa daban.

Mu fa?

Mu ba baƙi ba ne ga wannan sana'a. Tun kafin sabulun kanti ya zo, matan Afirka ta Yamma ke dafa sabulun salo da ruwan toka da mai. Man kaɗe kuwa, Turawa da kansu sun zo neman shi. Wani Bafaranshe, Olivier Baussan, ya fara a 1976 yana sayar da man ƙamshi a kasuwannin kudancin Faransi. Daga baya kamfaninsa, L'Occitane, ya riƙa sayen man kaɗe wajen matan Burkina Faso. Kasuwar baje koli ma mun san ta. An buɗe babbar ta Wagadugu, SIAO, a 1988. Ta mata masu sana'ar hannu, SAFEM, an fara ta a Yamai a 2000.

Saboda haka, ƴar uwa mai sabulu, tarihin nan abu uku yake faɗa miki. Na ɗaya, kada ki yi algus, don mai saye ya dawo gobe. Na biyu, ki sa ma kayanki suna, ki rubuta abin da ke ciki. Na uku, kafin ki yanka kuɗi, ki ƙidaya mai, da itace, da takardar naɗi, da kuɗin mota, da kuɗin wuri, da wahalar hannunki. In wani ya zo haɗa jari da ke, a rubuta rabon kowa gaban shaidu. Kuma kada ki sa hannu bisa takardar da ba ki gane ba.

Tambayoyin da za ku tattauna tsakaninku:

1. Me ya sa mai kyandir ya kan zama mai sabulu?
2. Me mai saye ke samu ga mai sana'ar hannu, wanda inji bai ba shi?
3. Wane abu ne a garinku ake zubarwa ko ake ajiyewa a banza, kamar kakin Burt?