Gishirin Hausa Daga Ƙamus Zuwa Kwamfuta: Taƙaitaccen Tarihi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin nazarin ƙananan kalmomin nan shida, wato dai, fa, kam, kuwa, ma da kuma, waɗanda ake yi wa laƙabi da gishirin Hausa.

Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) duk sun kawo waɗannan kalmomi, sai dai fassara guda ba ta wadatar da ko ɗayansu, domin ma'anarsu tana rataye ne da zancen da ake ciki. A 1988 Sharon Inkelas ta nuna cewa gurbin da "fa" ke zama a jimla yana bin yadda ake yanka furuci gaɓa-gaɓa. Daga baya Newman (2000) da Jaggar (2001) suka yi musu bayani a littattafansu na nahawu.

Zamanin kwamfuta ya sake tayar da matsalar. An shigar da Hausa cikin Google Translate a 2013, kuma a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin gajerun saƙonnin Twitter da aka tantance ra'ayin masu su. Irin waɗannan ayyuka daga rubutu na'ura take koyo, alhali kuwa gishirin Hausa a hira ya fi yawa.

Mu ɗauki misali daga Kura da Bunkure, inda noman rani ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Idan manomi ya ce wa maƙwabcinsa "Ruwa ya zo," labari ya ba shi. "Ruwa fa ya zo" gargaɗi ne: tashi ka yi ban-ruwa kafin a rufe. "Ruwa kam ya zo" tabbatarwa ce, tare da nuni da cewa wani abu, watakila taki, shiru ake ji. Na'urar da ta zubar da "fa" ta mayar da gargaɗi labari, mai gona kuwa ya yi asarar ruwan ranar.

Saboda haka abu uku na'ura take bukata: maganar da ta gabata, dangantakar masu zance, da hawa da saukar murya. Shawararmu ita ce sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki hirarrakin manoma da 'yan kasuwa daga Kura har Dawakin Kudu, da yardarsu, a rubuta, a kuma bayyana aikin kowace kalma a gurbinta.