Tarar Gudun Wuce Kima a Bauchi

Kafin 1988, 'yan sanda da jami'an duba ababen hawa ne ke kama direbobi masu gudun wuce kima a Bauchi. A shekarar ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Jami'anta suka fara tsayawa a hanyoyin Jos, Gombe da Ningi suna yanka wa masu laifi takardar tara. Dokar hukumar ta 2007 ta ƙarfafa ikonsu. Daga 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Yau direba na biyan tara a banki. Wanda bai amince da laifin ba kuwa, sai ya kare kansa gaban majistare, sau da yawa a kotun tafi-da-gidanka.