Sukar Musulunci da Ƙyamar Musulmi: Martani ga Pascal Bruckner

Tun bayan rahoton cibiyar Runnymede ta Birtaniya kan ƙyamar Musulunci (1997) da martanin da Halliday (1999) ya yi masa, manazarta suke ja-in-ja kan ko wanda ya soki Musulunci ya nuna ƙyama ga Musulmi ke nan. Tarihin muhawarar sananne ne, ba sai an maimaita shi ba. Abin da ya tunzura wannan maƙala shi ne littafin marubucin Faransa Pascal Bruckner, Un racisme imaginaire (2017), wanda ke ganin cewa zancen ƙyamar Musulunci wariya ce ta ƙage, an ƙirƙiro ta ne don a toshe bakin duk mai tambaya game da addinin. A ganina Bruckner ya hango matsala ta gaske, amma maganin da ya kawo ya fi cutar illa. Matsayina shi ne: sukar aƙida ba ƙyama ba ce a kan kanta, sai dai kuma furta kalmar "Musulunci" a maimakon "Musulmi" ba ya wanke kowa daga ƙyama.

Hujjar Bruckner ta farko ita ce Musulunci ba jinsi ba ne, ba launin fata ba ne. Tsarin aƙida ne da mutum ke iya shiga, yake iya fita, don haka babu yadda za a yi sukarsa ta zama wariya. Rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai yi musu, domin sahun salla ɗaya yana haɗa Bahaushe da Baturke da Ba'indiye. Inda gizo ke saƙa shi ne a rabi na biyu. Hujjar ta ɗauka cewa mai ƙyama yakan tsaya ya bincika aƙidar mutum kafin ya cutar da shi, alhali abin da aka gani a aikace ya saɓa wa haka. Ranar 15 ga Satumba 2001, kwana huɗu bayan harin da aka kai wa Amurka, an harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke Mesa a jihar Arizona. Ba Musulmi ba ne. Mabiyin addinin Sikh ne. Rawani da gemu ne suka ja masa ajali. Wanda ya kashe shi bai yi jayayya da wata aya ko wani hadisi ba.

Ana iya cewa wannan aikin mutum ɗaya ne. To, a duba binciken Adida da Laitin da Valfort (2010), wanda aka gudanar a Faransar da Bruckner yake rubutu a kanta. Masu binciken sun shirya takardun neman aiki na mata biyu da babu su a zahiri. Dukansu 'yan ƙasar Faransa ne masu tushen Senegal, sunan danginsu ɗaya, Diouf, karatunsu da ƙwarewarsu iri ɗaya. Ɗaya an sa mata suna Marie, an rubuta ta taɓa aiki da ƙungiyar agaji ta Katolika. Ɗayar an kira ta Khadija, ta yi aiki da ƙungiyar agaji ta Musulmi. Aka aika wa kamfanoni. A duk amsa mai kyau 100 da Marie ta samu, Khadija 38 kawai ta samu. Launin fata ɗaya ne, asali ɗaya ne, abin da ya bambanta su addini ne kaɗai. Ma'aikacin da ya ajiye takardar Khadija a gefe bai san ko tana salla ba, bai san ra'ayinta kan shari'a ba. Idan wannan wariya ta ƙage ce, da wuya a san irin shaidar da za ta tabbatar da ta gaske. Ba sai rukuni ya zama jinsi kafin a ware shi ba. Katolikan Arewacin Ireland sun sha wariya a aikin yi da rabon gidaje daga hannun maƙwabtan da kamanninsu ɗaya.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Bruckner yana cewa zargin ƙyamar Musulunci makami ne da masu tsattsauran ra'ayi ke amfani da shi, kuma waɗanda ya fi cutarwa su ne Musulmin da ke neman sauyi a cikin gida. Babu mai adalcin da zai ce masu tunani ba su sha wuya ba. An rataye Mahmud Muhammad Taha a Khartoum a Janairun 1985. A 1995 wata kotu a Masar ta ce Nasr Hamid Abu Zaid ya yi ridda, ta raba aurensa, ya ƙare yana koyarwa a Leiden. Salman Rushdie ya rayu a ɓoye bayan fatawar 1989, kuma an daɓa masa wuƙa a 2022. Sai dai ya kamata a lura da tuhumar da aka yi wa waɗannan mutane: ridda ce ko ɓatanci, a ƙarƙashin dokar ƙasa ko fatawa. Ba zargin ƙyama ne ya kai Taha ga igiya ba. Saboda haka ko da an shafe zancen ƙyamar Musulunci daga bakin kowa gobe, masu irin halinsu ba za su tsira ba. Abin da kawai zai sauya shi ne masu irin halin Khadija Diouf za su rasa sunan da za su kira abin da ake yi musu.

Duk da haka, akwai abin da dole a sallama masa. Ma'anar ƙyamar Musulunci da wani rukunin 'yan majalisar Birtaniya ya gabatar a 2018, wadda ta ɗaure ƙyamar da duk abin da ke nuna alamar Musulunci a jikin mutum, tana da faɗin da zai iya haɗiye tambayar ɗan tarihi kan isnadi ko ƙorafin mai fafutukar haƙƙin mata kan wani hukuncin fiƙihu. Gwamnatin ƙasar ta ƙi karɓarta a 2019, kuma ba duk masu adawa da ita ne maƙiya ba. Amma sakacin wata ma'ana dalili ne na gyara ta, ba na musanta abin da take ƙoƙarin bayyanawa ba. Rahoton Runnymede na 1997 da kansa ya fayyace cewa saɓa wa aƙidun Musulmi ko dokokinsu ba ƙyama ba ne. Haka kuma iƙirarin da Bruckner ya yi a jaridar Libération a 2010, cewa masu tsattsauran ra'ayin Iran ne suka ƙago zancen a ƙarshen shekarun 1970, bai tsaya ba: Alain Quellien ya riga ya yi amfani da shi a 1910, yana sukar yadda wasu 'yan mulkin mallakar Faransa ke kallon Musulmin Afirka ta Yamma (duba Hajjat da Mohammed, 2013). Wato a kan kakanninmu aka fara wannan muhawara.

A nan ya kamata a taƙaita da'awa zuwa abin da shaida ke ɗauka. Binciken da aka ambata ya nuna akwai wariya. Bai nuna cewa sukar addini ce ke haifar da ita ba. Wanda ya ce kowane littafi mai jayayya da Musulunci yana ƙarewa a harin masallatan Christchurch na 2019, inda aka kashe mutum 51, ya faɗi abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Abin da nake iya karewa ya fi wannan ƙanƙanta: rarrabewar da Bruckner ya dogara da ita, tsakanin sukar ra'ayi da sukar mutum, ba ta isa ta zama ma'auni ba, domin ana iya fakewa da guzuma a harbi karsana. Geert Wilders na Holan ya sha faɗin cewa da Musulunci yake faɗa, ba da Musulmi ba. Amma manufofin jam'iyyarsa na zaɓen 2017 sun haɗa da rufe masallatai da haramta Alƙur'ani. Masallaci kuwa ba ra'ayi ne ke shigarsa ba, mutane ne. A Nuwamban 2009 kashi 57.5 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a Switzerland suka amince da hana gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiyoyi huɗu kacal gare ta a lokacin. Hoton yaƙin neman ƙuri'ar ya nuna hasumiyoyi tsaye kan tutar ƙasar kamar makamai masu linzami, ga mace da niƙabi a gabansu. Babu wata mas'alar tauhidi da aka tattauna a wannan hoto.

Ina ganin tambayoyi uku sun fi amfani fiye da duba kalmar da mai magana ya zaɓa. Na farko, shin maganar tana nuna takamaiman nassi ko hukunci ko aiki, ko kuwa tana yi wa mutum kusan biliyan biyu kuɗin goro? Na biyu, shin mai maganar yana karɓar hujja? Idan aka nuna masa malaman da suka yi Allah wadai da ta'addanci ya ce taƙiyya ce, ya rufe duk wata ƙofa da Musulmi zai bi ya kuɓuta, kuma wannan ba bincike ba ne. Na uku, me yake nema a ƙarshe: a sauya ra'ayi, ko a tauye wa wasu haƙƙin da kowa ke da shi? Wannan ya yi kusa da tafarkin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi lokacin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta amince da ƙuduri mai lamba 16/18 a Maris 2011, wanda ya karkata daga kare addini zuwa kare mabiyansa, da kuma Shirin Rabat na 2012 mai duba mahallin magana, matsayin mai ita, niyyarsa, abin da ta ƙunsa, yaɗuwarta da yiwuwar ta jawo cuta. Abin lura, Pakistan ce ta gabatar da ƙudurin a madadin ƙungiyar ƙasashen Musulmi.

Wannan ma'auni yana da nauyi a kanmu ma. Musulmin da ke ɗaukar kowace tambaya a matsayin ƙiyayya ya jahilci gadonsa. Wajen shekara ta 781 Halifa al-Mahdi ya zauna da shugaban Kiristocin Gabas, Timothawus na Ɗaya, a Bagadaza, suka yi munazara kan annabci da Littattafai, kowa ya tashi da addininsa. Ibn Taimiyya ya amsa hujjojin Kirista da mujalladan al-Jawab al-Sahih. A ƙasarmu, al-Kanemi na Borno ya ƙalubalanci halaccin jihadi a rubuce, Muhammadu Bello kuma ya adana muhawarar a Infaƙul Maisuri. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganganun masu musunsa sannan ya amsa su, ya kuma yi umarni a Suratun Nahli da a yi jayayya ta hanya mafi kyau. Gaskiya ne ɓatanci daban ne da suka, kuma raɗaɗin da Musulmi ke ji idan an taɓa mutuncin Annabi (SAW) ba na riya ba ne. Amma a Janairun 2015, bayan zanen mujallar Charlie Hebdo a Paris, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Kiristocin Nijar ba su zana komai ba. An kama su ne da laifin wasu saboda addinin da aka jingina musu, wato ainihin abin da aka yi wa Sodhi. Wanda ke neman a daina yi wa Musulmin Faransa kuɗin goro ba shi da hujjar yi wa maƙwabcinsa.

Don haka amsar tambayar ita ce a'a, amma da sharaɗi. Sukar Musulunci ba ƙyamar Musulmi ba ce matuƙar ta tsaya kan abin da ake iya nunawa, ta saurari martani, ta bar wa mutane haƙƙinsu. Kuskuren Bruckner shi ne ya mayar da wannan 'yanci lasisi ga duk wanda ya iya zaɓen kalma. Kuskuren wasu daga cikinmu kuwa shi ne mayar da zargin ƙyama garkuwa daga tambayoyin da ya wajaba malamai su amsa da ilimi. Aikin manazarci shi ne ya duba kowace magana da ma'auni ɗaya, ko a Paris aka faɗe ta ko a Kano, ya kuma yarda cewa hukuncin zai iya faɗawa kan ɓangaren da yake ƙauna.