Kalangu da Zuciyar Ɗan Dambe a Ƙasar Ruma

Duk wanda ya ce ɗan dambe ba ya jin tsoro, bai taɓa tsayawa kusa da shi ana ɗaura masa kara ba. Gabansa na faɗuwa kamar na kowa. Maganin da kakanninmu suka samo wa wannan fargaba shi ne kiɗa.

Ƙasarmu ta Batsari da Safana, watau tsohuwar ƙasar Ruma da bakin dajin Rugu, ta sha yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19. Mayaƙi da take yake fita, haka mafarauci. Da yaƙi ya ƙare, jarumta ta koma fagen wasa. Shi dambe asalinsa na mahauta ne, kalangu kuwa kiɗansu ne, shi ya sa suka taho tare. Da kaka, in an gama girbi, 'yan dambe kan bi gari gari da makaɗansu.

To, yaya kiɗan yake aiki? Ni dai a ganina ba kwantar da hankali yake yi ba. Kowane gwani yana da takensa. Da an kaɗa, makaɗi ya ambaci ubansa da maigidansa da mazajen da ya kashe (kisa a dambe kayarwa ne, kada mai karatu ya firgita), sai tsuma ta kama shi, ya zabura yana kirari. Tsoron naushi ya tafi, tsoron kunya ya maye gurbinsa. Wa zai ja da baya an kira sunan ubansa a gaban 'yammatan gari? Sunan Shago da wuya a ambace shi ba a tuna Ɗan Anace ba.

Amma fa tsuma tana da illa. Wanda take ya ɗebe shi yakan faɗa wa abokin karo babu dabara, tun turmin farko a kai shi ƙasa.

Wasu ƙasashen ma sun san wannan. A 1998 Haile Gebrselassie na Habasha ya sa aka saka masa waƙar da ta dace da takunsa a Birmingham ta Ingila, ya kafa tarihin gudun mita 2,000.

Abin da ke damuna shi ne, tun da 'yan bindiga suka kama Rugu, taron dare ya yi wuya a ƙauyukanmu. Take kuwa ba a rubuce yake ba, a hannun makaɗi yake, kuma yaro a fage yake koyonsa.