Daga Mai Shela Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Talla a Haɗejiya

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, sa'ad da muke yara a Haɗejiya, da baki ake talla. Mai shela ya zaga unguwa, yarinya ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli, dillali kuwa ya tsaya tsakanin masunci da baƙon da ya zo sayen bandar kifi. Tun zamanin da jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930, dillalin nan ne lamuni, domin ya san mai kaya, ya san gidan mai saye.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka biyo. Yau ƙanena yakan ɗauki hoton kifi ko shinkafar fadama da hantsi, kafin la'asar an kira shi daga Kano ko Anaca. Ban raina wannan ci gaba ba.

Amma bara wani baƙo ya turo masa saƙon banki na bogi, shi kuwa ya loda kwali shida. Babu dillalin da za a riƙe. Rabin asarar daga albashina ta fita. Yanzu a waya yake talla, amma kaya ba sa barin tasha sai tsohon dillalin mahaifinmu ya ce ya san mutumin.