Jirgin Ikko Zuwa Kano: Yadda Ake Jera Shi a Da

Tun da ƙungiyarmu ta yanke shawarar ƙera ɗan samfurin jirgin ƙasa na fasinja don a ajiye a laburaren makaranta, na ga ya dace mu waiwayi tarihi kafin a kira maƙeri. Yaran da za su kalle shi ba su taɓa ganin jirgin kwal ba. Duk abin da muka ajiye musu, shi za su ɗauka gaskiya.

Hanyar dogo ta iso Kano a 1911, daga Baro da ke bakin Kogin Kwara. A 1912 aka haɗe ta da layin Ikko a ƙarƙashin hukuma ɗaya, amma a Jebba sai an yi fiton taragai, har zuwa 1916 da aka gama gada. Faɗin wannan layi ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne. Wannan bambanci ya shafi aikinmu. Ƙananan jiragen da ake sayowa daga Turai, waɗanda aka rage girmansu sau 87, yawancinsu a kan layi mai milimita 16.5 suke tafiya, wanda ke kwaikwayon faffaɗan layi. Namu na da milimita 12 ne ya dace da shi.

Sai kuma kan jirgi. Daga 1948 aka fara kawo wasu injunan kwal daga Birtaniya waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Kowanne yana da ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, da wasu biyu a baya. Yana jan taragonsa na kwal da ruwa manne da shi, domin mai zuba kwal ya riƙa ɗiba yana jefawa a wuta. Daga Inugu ake haƙo kwal ɗin. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka shigo da injunan dizal na doguwar tafiya, su kuwa ba ruwansu da taragon kwal. Saboda haka tilas mu zaɓi zamani guda, kada mu yi haɗin gambiza.

Jerin taragai ma yana da ƙa'ida. A tsarin jiragen wancan zamani, akan sa taragon kaya da wasiƙu kusa da inji, don ya raba fasinja da hayaƙi da tartsatsi, ya kuma tare musu idan an yi karo. Taragan faskila suna da ɗakunan kwana, kuma akan jingina taragon cin abinci da su, don kada manya su yi nisan tafiya. Sai sikinkila. Sai taragan gama-gari masu bencin katako, waɗanda suka fi yawa, cike da fatake da 'yan makaranta da masu tafiya cin rani. A ƙarshe sai taragon gadi, mai birkin hannu da jar fitila a bayansa, wadda ke nuna wa ma'aikatan tasha cewa jirgi ya wuce cif, babu taragon da ya ɓalle a hanya.

Wanda ya lura zai ga cewa jerin nan hoton zamanin mulkin mallaka ne: Turawa da manyan ma'aikata 'yan kaɗan a kan katifa, talakawa masu yawa a kan katako. Darasi ne da malamin tarihi zai koyar da tsinin alli kawai.

Shawarata ita ce mu ɗauki shekarar 1950, mu yi injin kwal, mu kuma sa taragan gama-gari su rinjayi sauran. Ina roƙon malamanmu da iyayenmu da suka hau wannan jirgi su taimaka wa kwamiti da tsofaffin hotuna. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, amin.